Kwas ɗin harbin bindiga a Amurka da maganar bindigar da ba ta ba mutum kunya: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan suna yawan zuwa daga masu kallon bidiyon Amurkawa suna ɓarin wuta a filin harbi, da kuma 'yan uwa masu kaki da suke son sanin yadda wasu suke yin nasu. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa.

Wai mene ne ma wannan kwas ɗin, na sojoji ne?

A'a, yawancinsu makarantu ne na kuɗi, masu zaman kansu, kuma farar hula ne suka fi cika su, sai 'yan sanda da wasu sojoji da suke biya daga aljihunsu ko kuma wurin aikinsu ya biya musu. Wanda ake dangantawa da assasa harkar shi ne Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan kundumbala na Amurka, da ya buɗe makarantarsa a Paulden ta jihar Arizona a 1976, ita ce yau ake kira Gunsite. Daga baya Clint Smith ya buɗe Thunder Ranch a Texas a 1993 kafin ya koma da ita Oregon. Akwai kuma malamai da ba su da makaranta a waje guda, yawo suke jiha jiha suna hayar filin harbi.

Kwas ɗin yakan ɗauki kwana biyu ko uku, wani biyar, kuma ana ce wa ɗalibi ya zo da harsashi daga ɗaruruwa har sama da dubu, ya danganta da malamin. Kai za ka zo da bindigarka da harsashinka da abin toshe kunne da tabarau. Bindigar da aka fi zuwa da ita AR-15 ce, wadda ta farar hula ɗaiɗai take harbi, kowane jan kunama harsashi ɗaya.

To me ake koyarwa da har zai ci harsashi dubu?

Ranar farko rabinta surutu ne da gyaran saiti, mai zumuɗi ma haushi yake ji. Za a zaunar da kai a karanta maka dokokin nan huɗu na Cooper har sai sun zauna maka: ka ɗauka kowace bindiga a ɗure take, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya lalatawa ba, ɗan yatsa ba ya shiga wajen kunama sai ka saita ka yanke shawarar harbi, sannan ka tabbatar da abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Wanda ya juya bakin bindiga kan ɗan uwansa ana iya sallamarsa nan take kuma kuɗinsa ya tafi.

Bayan nan sai tsayuwa, durƙuso, kwanciya rub da ciki, sauya magazin (gidan harsashi da ake cusa wa bindiga), harbi daga bayan shinge, da kuma abin da za ka yi idan bindiga ta ƙi tashi. Wannan na ƙarshen ba sai malami ya ƙirƙiro shi ba ma, kafin la'asar ɗin rana ta biyu bindigogin da kansu suke fara kawo darasin.

Me ya sa ake cewa a kwas ake gane bindigar kirki?

Saboda yawancin masu bindiga a can ba sa wahalar da ita. Mutum zai je fili sau ɗaya a wata ya harba magazin biyu a kan tebur cikin inuwa ya dawo gida ya goge ya ajiye, sai ya riƙa cewa tasa ba ta taɓa cushewa ba, alhali bai taɓa kai ta inda za ta cushe ɗin ba. A kwas kuwa ɗari uku ɗari huɗu za ka zuba mata a yini ɗaya, ga rana ga ƙura, ana yar da magazin a ƙasa ana ɗauka ana mayarwa, ƙarfen gaba ya yi zafin da ba ka iya riƙewa sai da safar hannu.

A nan ne za ka ga wanda ya sayo madubin saiti mai arha ya ɗaura da hannu bai ɗaure noti da kyau ba, yana ta harbi yana mamakin me ya sa harsashinsa ke karkata hagu, can sai madubin ya zame gaba ɗaya ya faɗi a gaban takalminsa, malami ko kallonsa ba zai yi ba sai dai ya ce ya ɗaga ƙarfen saitin da ke jikin bindigar ya ci gaba. Za ka ga wanda kwanson harsashi mai zafi daga bindigar na kusa da shi ya faɗa masa cikin wuyan riga yana rawa yana ƙoƙarin kada bakin bindiga ya bar gaba, shi ya sa ake cewa a zo da hular hana sallah da riga mai rufe wuya.

Marigayi Pat Rogers, tsohon ɗan sandan New York kuma tsohon soja, wanda ya rasu a 2016, ya yi suna a kan wannan, domin yana rubuta duk abin da ya lalace a ajinsa, wace bindiga, wane ƙarfe, bayan harbi nawa. Yana da wata bindiga ta kamfanin BCM da yake ba ɗalibai aro, ana ce mata Filthy 14 don tsabar dauɗa, ta wuce harbi 40,000 kusan ba wanki, mai kawai ake zuba mata, sai ɗan abin da ya gaji a sauya.

Ke nan bindiga ba ta buƙatar wanki?

Kada ka ɗauke ta haka ɗan uwa. Abin da Rogers yake nunawa shi ne AR tana iya aiki da dauɗa matuƙar akwai mai, amma idan ta bushe ko tana ƙyalli za ta tsaya. Ita wannan bindigar hayaƙin albarushi ne ke bin wani siririn bututu ya dawo baya ya tura sakata, wato ƙarfen da ke cusa harsashi ya kuma fitar da kwanso, to hayaƙin da zafinsa da baƙinsa a cikin cikinta yake sauka, yana ƙone man yana busar da shi. An daɗe ana gaya wa sojoji a hamada su rage mai don kada ƙura ta manne, sai gwajin da sojan Amurka suka yi da kansu ya nuna wadda aka jiƙa da mai sosai ta fi daɗewa tana aiki a cikin ƙurar.

Wanki kuma yana da nasa amfanin, lokacin wanki ne kake ganin tsaga a jikin sakata ko sifirin da ya mutu, kuma a waje mai laima tsatsa ba ta jiran kowa.

Mene ne ya fi jawo cushewa?

Magazin. Ka tambayi malamai goma, mafi yawansu da shi za su fara. Leɓen saman nan da ke riƙe harsashi idan ya ɗan buɗe, ko da ido ba ka gani, sai ya saki biyu a lokaci guda su cunkushe a ƙofa, sakata ta tsaya a rabi, ka leƙa ka ga kawuna biyu suna rige-rigen shiga rami ɗaya. Shi ya sa masu abin suke rubuta lamba a jikin kowane magazin da fenti, wanda ya ba da matsala sau biyu a take shi da ƙafa a jefar don kada wani ya tsinta ya mayar cikin jaka. Magazin ɗin roba na Magpul da ake kira PMAG ya fito a 2007, mutane suka yi ta masa dariya wai roba, a ƙarshen 2016 sojan kundumbala na Amurka suka amince da shi a hukumance.

Bayan magazin sai rashin mai, sai harsashi, sai ɗan ƙugiyar da ke fizgo kwanso da sifirin ɗinta, sai kuma wanda ni na fi ganin laifinsa, wato mai bindigar da kansa. Mutum zai sayi bindiga lafiyayya daga kamfani ya zauna ya sauya kunama ya sauya sifirin ya sauya bututun hayaƙi da kayan da ya tsinto a intanet daga kamfani biyar, daren da za a fara kwas ya gama haɗawa, bai harba ko ɗaya ba. Washegari shi ne zaune a bayan mota da sukundireba ana can ana darasi.

AK-47 fa? Ai an ce ita ba ta cushewa ko a taɓo

Wannan magana akwai gaskiya a ciki amma an zuzuta ta. Mikhail Kalashnikov ya ƙera ta da sarari tsakanin ƙarafunanta, sakatarta nauyi gare ta kuma hayaƙin da ke tura ta ya fi abin da ake buƙata, harsashinta 7.62x39 kuma jikinsa a tsuke yake ta gaba, shi ya sa magazin ɗinta ya lanƙwashe, shi ya sa kuma kwanson ke fita ba gardama. Sojan Tarayyar Sobiyat sun karɓe ta a 1949, an yi ta ne don yaron da aka ɗauko daga ƙauye aka ba shi horon 'yan watanni, ga sanyin da mai ke daskarewa. Tana jure rashin kulawa fiye da AR, wannan ba musu.

Amma taɓo daban. Idan aka sauke makullinta mai hana harbi akwai doguwar kafa a gefen dama da ke buɗe, laka ta shiga nan ta sauka kan kunama shi ke nan, ita kuwa AR a rufe take ruf idan murfin ƙurarta na sama, a gwaje-gwajen taɓo da masu harkar suka yi a bidiyo sau da yawa AR ce ke ci gaba AK ta tsaya. Sannan AK ba ɗaya ba ce, akwai ta Rasha da ta Bulgeriya da ta Chaina da ta Romaniya, akwai kuma wadda wani ƙaramin kamfani ya harhaɗa da ƙarfen da bai gasu ba, duk suna ɗaya amma ba aiki ɗaya ba.

Daga ina AR ta samo baƙin sunan cushewa?

Daga yaƙin Biyetnam, kuma labarin ya kamata duk mai sha'awar harkar nan ya san shi domin yana nuna yadda harsashi kaɗai ke iya kashe bindiga. Eugene Stoner ne ya tsara ta a kamfanin ArmaLite, aka sayar wa Colt a 1959, soja suka sa mata suna M16. An gwada ta da wani irin albarushi mai siffar 'yan sanduna, tana aiki lafiya. Da aka zo yin harsashi da yawa sai aka koma wani albarushi mai siffar ƙwallo, wanda ya fi dauɗa kuma ya fi tura hayaƙi da ƙarfi, sai bindigar ta riƙa gudu fiye da yadda aka tsara ta, tana ƙoƙarin fizgo kwanso tun bai saki bango ba. Ga shi ba a shafa wa ɗakin harsashin, inda yake zama kafin a harba, kurom mai hana tsatsa ba, ga laimar daji tana cin ƙarfe, ga shi an raba ta ba isassun kayan wanki har ana yaɗa cewa ita ke wanke kanta.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Kwanso ya maƙale, ƙugiya ta yage gindinsa, ba yadda za ka yi sai ka zura sandar wanki ta baki ka bugo shi, a tsakiyar faɗa. A faɗan tsaunukan kusa da Khe Sanh a 1967 sojoji suka rubuto gida cewa an tsinci gawarwakin abokansu kusa da bindigogin da suka cushe, wasiƙun suka isa majalisa, aka kafa kwamiti ƙarƙashin ɗan majalisa Richard Ichord wanda ya fitar da rahoto a watan Oktoba na shekarar ya zargi hukumar soja da sakaci. Aka sa kurom, aka sauya abin da ke rage gudun sakata, aka raba kayan wanki, matsalar ta ragu sosai, amma sunan ya riga ya ɓaci har jikoki suna maimaitawa.

To ta zamani fa, an gwada ta?

An gwada. A ƙarshen 2007 sojan Amurka suka yi gwajin ƙura a Aberdeen ta jihar Maryland, iri huɗu, kowane iri bindiga goma, kowace bindiga harbi 6,000, wato 60,000 ga kowane iri. M4, wato gajeriyar M16, ita ce ta zo ta ƙarshe da tsayawa 882, HK416 ta yi 233, SCAR 226, XM8 kuma 127. Masu sukar M4 suka yi ta murna da lambar, masu kare ta suka ce ku lissafa, bai kai biyu cikin ɗari ba a ƙurar da mutum ma ba zai iya numfashi a ciki ba, kuma sama da 200 daga ciki magazin ne ya jawo. Ni dai ina ganin duka biyun suna da abin faɗa, ta ƙarshe ta zo kuma ratar ba kaɗan ba ce.

Sai faɗan Wanat a Afganistan, 13 ga Yulin 2008, inda sojan Amurka 9 suka mutu aka kuma ba da rahoton bindigogi sun tsaya. A can zafi ne, an tilasta wa ƙaramar bindiga aikin mashinga. Littafin soja cewa ya yi harbin da M4 za ta jure ba hutawa 12 zuwa 15 ne a minti, su kuwa magazin bayan magazin suke juyewa don ba su da zaɓi. Idan ƙarfe ya kai wani zafi harsashin da ke ciki yana iya tashi da kansa ba a taɓa kunama ba, wannan ma dalili ne na dokar nan ta kada baki ya kalli mutum.

Harsashi mai arha, mai kwanson baƙin ƙarfe, yana da illa?

Nan ake doguwar gardama domin kuɗi ne. Harsashin Amurka kwansonsa tagulla ne, na Rasha irin su Wolf da Tula da Brown Bear baƙin ƙarfe ne aka shafa masa wani abu don kada ya yi tsatsa, kuma ya fi arha sosai lokacin da yake shigowa. Tagulla idan aka harba tana kumbura ta toshe ko'ina sannan ta koma, baƙin ƙarfe ba ya yin haka da kyau sai hayaƙi ya riƙa zagayowa yana tara baƙi a ɗakin harsashi.

Wani kamfanin sayar da harsashi mai suna Lucky Gunner ya fitar da gwaji a 2013, bindigogi huɗu iri ɗaya, kowace an ware mata harsashi 10,000 na kamfani guda. Mai cin tagullar kamfanin Federal ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, Brown Bear ta tsaya sau 9, Wolf sau 15, ta Tula kuwa matsala ta yi yawa har ba a ƙarasa da ita ba. Tara ko sha biyar cikin dubu goma ba wani abin tashin hankali ba ne ga mai atisaye. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne bututun da harsashi ke bi ya fita, domin kan harsashin na Rasha akwai ƙarfe a rigarsa, wajen harbi 6,000 ya cinye zanen cikin bututun har harsashi ya fara tafiya a karkace, ita kuwa mai tagulla tana nan da sauranta. Masu lissafi suka ce rarar kuɗin da ka samu ta isa ka sayi sabon bututu har da canji, to ka ga ya rage naka. Tun da gwamnatin Amurka ta sa takunkumi kan shigo da harsashin Rasha a 2021 ma arhar ta ragu.

Wanda ni ba na so a kawo aji shi ne harsashin da wani ya ɗura a gida ba ka san shi ba. Wasu makarantu ma ba sa yarda da shi.

Wace matsalar harsashi ce ta fi haɗari?

Wanda ya yi ƙara 'yar ƙarama, fus, maimakon tau, kuma kafaɗarka ba ta ji duka ba. Albarushi ne babu ko ya yi kaɗan, kan harsashin ya tafi ya tsaya a tsakiyar bututu, idan ka sake ɗura wani ka harba a bayansa bindigar a hannunka za ta fashe. Duk wanda ya ji haka ya tsaya cak, a cire komai a leƙa bututu. Akwai kuma mai jinkiri, ka ja kunama shiru sai bayan ɗan lokaci ya tashi, an fi samunsa a tsohon harsashi da ya sha laima, shi ya sa a filin atisaye na yau da kullum ake cewa ka bar bakin a gaba kamar daƙiƙa 30 kafin ka buɗe.

Sai cakuɗa harsashi. Akwai wani mai suna .300 Blackout da ke shiga magazin ɗin 5.56, harsashin da AR ta saba ci, daidai, wani lokaci har sakata ta rufe a kansa, kansa kuwa ya fi ramin bututun girma nesa, bindigogi da yawa sun tarwatse ta haka. Ko 5.56 da .223 da suke kama ɗaya ba a so a sa na farkon a bindigar da aka rubuta mata na biyun kawai, domin matsinsa ya fi.

Harsashi yana lalacewa idan ya daɗe?

Idan yana waje mai sanyi busasshe a cikin akwatin ƙarfe mai roba a baki, shekaru da yawa yana nan. Zafi da laima da mai ne abokan gabansa. Tsofaffin na soja daga ƙasashen gabashin Turai kuma wasu suna barin wani gishiri a bututu, idan ba a wanke da ruwa a ranar ba gobe tsatsa za ka tarar.

Kunne fa, da gaske ana kurumcewa?

Da gaske. Ƙarar irin wannan bindigar tana kai wajen desibel 160 a ma'aunin ƙara, kuma daga 140 harbi ɗaya ma yana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. A kwas mutum goma sha ne a jere suna harbi tare, shi ya sa masu hankali suke haɗa biyu, na cusawa da na kifawa. Tsofaffin sojoji da yawa da ƙarar nan ta cikin kunne suke kwana. A wanke hannu kuma kafin a ci abinci saboda dalma.

Ɗan Najeriya zai iya zuwa ya yi, ko a yi a gida?

A gida dai farar hula ba shi da hanya. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin yaƙi irin su AK cikin waɗanda aka haramta, ba mai ba da lasisinsu sai shugaban ƙasa, irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu kuma lasisinta a hannun 'yan sanda yake, kuma kama mutum da AK ba takarda ɗauri ne mai tsawo. Horon irin wannan na masu kaki ne, a Depot ta Zariya da Jaji da makarantun 'yan sanda. Duk wanda ya ce maka yana da wani sansani a daji da zai koya maka, malam ka yi nesa da shi, kuma ka san wa za ka gaya wa.

A Amurka ma ba shiga kawai ake yi ba. Dokarsu game da fitar da kayan yaƙi waje tana ɗaukar koya wa baƙo irin wannan a matsayin abin da ke buƙatar izinin gwamnati, shi ya sa makarantu da yawa suke neman shaidar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin, da takardar da ke nuna ba ka da laifi. Mai bizar ziyara kuma dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga in ban da 'yan keɓantattun dalilai kamar lasisin farauta. Jami'an da ke zuwa daga ƙasashenmu ta hanyar gwamnati da gwamnati suke zuwa.

Wanda ke zaune a can kuma doka ta ba shi dama, me zai shirya?

Ya harba 'yan ɗaruruwa da ainihin bindigar da ainihin harsashin da zai je da su tun kafin ranar, ya gyara saitinsa, ya bi duk wani noti ya ɗaure. Magazin ya fi abin da aka rubuta a takarda, robar mai a aljihu, batir na madubi, sakata ta biyu in da hali. Ruwan sha da yawa, domin Arizona da rani ba ta da bambanci da Sakkwato a watan Afrilu. Rigar sulke da tarkacen da ake gani a fim kuma a bar su a gida sai in aikinka ne sa su, ranar farko da azahar za ka ga masu su suna cirewa ɗaya bayan ɗaya suna jibgewa a but ɗin mota.